Jitar Yila

Yila ya zo daga Kaltungo ran Talata,
ya kwantar da ita kan tebur kamar majinyaciya.
"Ba ta da komai, ƙugi kawai take yi.
Asabar akwai biki, taimaka ka duba ta."

Ba ta da komai! Haka kowa ke faɗa.
Shekara sha tara a lungun nan na Bolari,
tsakanin mai faci da mai sayar da buta,
har yau ina jiran mai cewa: ni na ɓata ta.

Na kwance sukuru goma sha ɗaya.
Tara sun fito da girma da arziki,
ɗaya kansa ya cinye, sukurudireba sai zamewa,
ɗaya ya faɗi ƙasa ya shiga duniya.
Na yi rarrafe har ƙarƙashin benci,
na samo naira goma da murfin biro,
shi kuwa ya ɓata.

Ciki kuma, wa ya riga ni shiga?
Wani ya ɗaure waya da ledar burodi,
wani ya zuba sufa gulu inda dalma ta kamata.
Zanzaro ma bai bar rabonsa ba,
ya yi ginin laka a ramin jak,
ciki da falo, ba haya, ba kuɗin wuta.

Wuta! Ƙarfen dalma ya soma ɗumi ke nan
sai fanka ta yi hamma ta tsaya.
Na aiki Habila wajen mai shayi
ya cusa ƙarfen cikin garwashi.
Kafin ya tsallako kwata, ya huce.
Ya koma, ya dawo, har sau huɗu,
mai shayi ya aiko cewa gawayinsa ba kyauta.

Wuyanta ya sha damina ya tanƙware.
Na juya sandar ciki kaɗan, ina riƙe numfashi,
don na taɓa jin "ƙas" sau ɗaya a rayuwata,
na biya da kuɗin makarantar 'yata.

Bappayo direba ya kawo tsirkiya daga Jos.
Kwali ya ce shida, na ƙirga biyar,
siririyar nan ce babu, autar.
Na warware wayar birkin keke,
na zare sili ɗaya,
sai da ta soke ni a babban yatsa, ta lashi jini,
sannan ta yarda na ɗaura ta.

Juma'a da daddare Nepa ta tuna da mu.
Na jona.
Ƙugi.
In na dafa tsirkiya, shiru; in na saki, gurnani,
kamar kare mai gadin abin da ba nasa ba.
Na sake buɗe ciki, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya,
tuwona ya sandare a kwano,
lasifika na yi mini dariya.
Sai Habila, cikin magagin barci, ya ce,
"Oga, ka gwada wani kebur mana."
Na gwada.
Tsit.
Kebur na ɗari bakwai, kwana huɗu yana wasa da furfurata.

Asabar da sassafe Yila ya rungume ta,
ya kaɗa sau biyu, ya karkata kai:
"To ina ɗan kukan nan nata?
Da shi tsofaffinmu ke gane ta."
Ya miƙo rabin kuɗi, saura sai bayan biki.
Ban ce uffan ba. A bangon bayana
jita uku ne rataye, sun yi ƙura,
masu su sun tafi kawo saura tun wancan wata.

Ya hau acaɓa, ta leƙo ta bayan kafaɗarsa.
Na zauna ina tsotsar yatsa.
Zanzaro ya shigo da laka a baki,
yana kewaya tebur, yana neman gidansa.
Na ce, zauna, maƙwabci, mu huta.
Ni da kai duk gini muka yi
a cikin abin da ba namu ba.