Aske Daji

Kwana tara jirgin yana kai da komo a kan Petén
kamar ƙoshiya a hannun masaƙi,
yana yayyafin hasken leza, wanda ido ba ya gani.
Birai ba su fasa ihu ba.
Ko ganye ɗaya bai san an taɓa shi ba.

Ni aikina ƙidaya.
Haske ya tafi, ya taɓa, ya dawo,
jinkirinsa shi ne nisa.
Mai saurin dawowa kan itace ya tarar.
Wanda ya makara nake jira,
wanda ya kurɗa tsakanin ganye da ganye
har ya kai goshi ƙasa.

A ofis, a Flores, fanka tana tari.
Ɗigo miliyan nawa a kwamfuta, ban ƙara tambaya ba.
Na danna maɓalli ɗaya, na aske dajin ƙwal.

Ranar Lahadi na kawo Baba.
Anacleto Chub: shekara arba'in da ɗaya
yana hawa itacen ƙaro, igiya a ƙugu, adda a hannu.
Ya cire malafa a bakin ƙofa, sai ka ce coci.

Na ce, duba, hanya ce wannan,
miƙaƙƙiya, an ɗaga ta da dutse,
ta fi shekara dubu a kwance.
Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.
Ya ce, nan ne takalmi ba ya jiƙewa da damina.

Wannan kwarin tafki ne, hannu ya haƙa shi.
Ya ce, nan alfadari ke tirjewa sai ya sha.

Wannan tudun kuma, Baba, matakala ce, hawa kan hawa,
akwai ɗaki a ƙarƙashi.
Shiru.
Can ya ce, nan muka kwantar da Rigoberto
ranar da igiya ta tsinke.
Mun zaɓi wurin don ruwa ba ya kaiwa.

Fanka ta ci gaba da tari.
Ina da tsawon tudun har zuwa taƙi,
ina da faɗinsa, da inda ya karkata.
Wannan ba ni da shi.

Ya daɗe yana kallon ƙasar, toka-toka, tsirara,
garin mutanen da ba wanda ya riƙe sunansu,
sannan ya ce, Herlinda, ina itatuwan?

Na danna, suka dawo, kore a kan kore.
Ya bi su da ɗan yatsa a hankali
yana neman guda ɗaya, mai tsagar addarsa
tun daga gindi har wuya.

Ban gaya masa daga sama ba a ganin tabo ba.
Na ƙara masa girman hoton.
Na sake ƙarawa.