Itacen Kubanni

Ruwan Agusta ya janye, Kubanni ta yi amai:
kututture, rassa, ruɓaɓɓen katako,
har da ƙafar gadon wani da ba mu sani ba.
Na ɗauro dami na hauro Tudun Wada,
ina murnar yau kuɗin icce ya huta.

Gwaggo Ladingo na bakin tandar waina.
Ba ta ce sannu ba, ta ce, "Zube."
Ta ɗauki guda ta shinshina,
ta buga wani da ƙasa,
sai ga kunama, wutsiya a sama,
kamar mai gidan da aka tasa daga barci.

"Mai shuɗin fentin nan, jefa shi can.
Baƙin kuma turken lantarki ne,
ya sha baƙin mai ya ƙoshi.
Hayaƙin irinsa ya kai Barau mai shayi Shika,
mako biyu yana tari.

Ruwa ba ya faɗin inda ya biyo, yaro.
Ya ratsa bola, ya ratsa kwata,
abin da icce ya sha a rafi
a murhu yake amayar da shi,
ni kuwa bakin mutane nake ciyarwa."

Rassan marke biyar ta ware,
ta jingina su da katanga
sai sun sha rana sun yi sauti.

Ta kwance bakin zane, ta miƙo ɗari biyar.
"Ruga wurin Ɗanlasan.
Ƙullun ya tashi, ba ya jira."