Farashin Bindigar Mumuni

Da hantsi Adiza ta zo Magazin
da abu a naɗe cikin tsohon zanen gado.
Ta ajiye a kan teburina,
tsakanin gwangwanin giris da shayin da ya huce.
Ta ce, Baba Inusa, ta babanmu ce.
Ga mai so daga Ofinso. Ka faɗa mana gaskiyarta.

Tun ban kwance ba na gane ta.
Mai zuge ce, irin ta da,
wadda in ka ja katakon ƙasa baya
sai ta yi gyaran murya kamar limamin da zai soma huɗuba.
Na fara duba cikinta, babu komai.
Wannan ladabi ne, ko da bindigar mamaci ce.

Opanin Fosu na tsaye, takalminsa duk jar ƙasar gona.
Gyazbi ya cinye masa rogo, birai sun raina shi.
Ya ce sidi dubu biyu.
Yayan Adiza kuwa, daga Italiya ta waya,
yana ihu dubu goma,
wai Turawa na rataye irinta a falo.
Na ce masa nan Kumasi ne, ɗana,
a nan ba a rataye abin da zai iya aiki.

Na ɗaga bakinta ga rana, na leƙa.
Tsatsa kaɗan, kamar tabon ƙyanda a fuskar babba:
ta taɓa shi, ta wuce.
Lambar jikinta ta yi daidai da ta takarda,
lasin bai mutu ba sai bara, wata guda da mai shi.
Baƙin ƙarfen ya koɗe inda tafi ke kamawa,
ya yi fari fat.
Shekara talatin da ɗaya yana gadin gidan goro a Aboabo
bai taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba.
Tarinsa kaɗai ke korar ɓarayi.

To wannan nawa ne?
Ba ya hawa sikeli.
Fosu bai zo sayen daren Mumuni ba,
ƙarfe da katako ya zo saye.

Amma akwai tsaga a gindinta, ƙarƙashin wayar tagulla.
Ni na ɗaure ta da hannuna, na shafe da vanish.
Ba wanda zai gani.
Na dubi Adiza, silifas ɗinta ɗaya an ɗinke da zare,
ga kuɗin makarantar ƙanne biyu.
Shiru kawai zan yi, ta sami ƙarin dubu.
Harshena ya yi nauyi kamar guduma.

Na ɗauki ƙusa na ɗaga wayar.
Na ce, Opanin, duba nan.
Zai kai ka shekara biyar, sannan ka sake katako.
Dubu uku da ɗari biyar.
Wanda ya rage ya ci maraya,
wanda ya ƙara ya ci manomi.

Fosu ya shafa haɓa, ya ce wani abu da Asantanci
wanda ban so in fassara ba, sannan ya yi dariya.
Wayar Italiya ta mutu da kanta.
Na ce kuɗi ba zai canja hannu ba
sai gaban ɗan sanda, a sauya suna a takarda.

Da za su tafi na kira Adiza gefe.
Na ce, babanki na bi na ɗari huɗu
tun shekarar da na yi jinyar ƙafa.
Ta dube ni, ta daɗe.
Ta ce, bai taɓa faɗa ba.
Na ce, haka yake, ba ya faɗa.

Ta cire igiyar ratayen, ta fata, mai warin guminsa,
ta sa a jaka.
Fosu ya gani, bai ce a rage ko fesuwa ba.

Shayina ya yi sanyi ƙalau.
Na sha hakanan.