Ƙanƙarar Da Ba Ta Jiƙa Hannu

A Garwa ne, tsakar bazara,
Binuwai ya janye ya bar yashi a fili,
sifana ba ta ɗaukuwa sai da tsumma.
Maigidana Jingi ya dawo daga kamfanin lemo
rungume da kwali,
kwalin na fitar da hayaƙi ta gindi.

Na ce, wuta ce?
Ya ce, taɓa ka ji.
Na taɓa. Ga tabon nan har yau a yatsana.
Sanyi ya ƙone ni, ni da na girma a bakin walda.

Ya ce, Dalailu, inji ma da numfashi yake ja.
Iskar zafi tsararo ce, kunun da aka cika wa ruwa,
ka sha kwano uku ka tashi da yunwa.
Ta sanyi kuwa a dunƙule take kamar fura,
kurɓi guda ya riƙe ciki.

Muka yanka kwano, muka naɗe bututun iska,
muka yi masa akwati, muka huda murfin sau bakwai.
In ka toshe mata baki, in ji shi, sai ta fasa ɗaki.
Kuma kar hayaƙinta ya bi maƙogwaron inji,
shi ne mai shaƙe wuta.
Gilashi a sauke, ko da ƙura za ta cinye mu.

Tsohuwar Fijo ce, ta girme ni da shekara tara.
Buhu goma sha ɗaya na albasa a bayanta,
zuwa-zuwa a tankinta,
ƙanƙara a ƙudundune cikin bargo biyu kamar jinjiri.
Muka bi hanyar Ngaundare
har gindin hawan nan da manyan motoci ke durƙusawa.

Nan ya tsaya. Da awartaki muka loda ta.
Farin hazo ya zubo kan taya, ya bi kwalta yana rarrafe.
Wata mai sayar da ayaba ta ja ɗanta baya, tana a'uziyya.

Ya taka.
Ban san muryar nan ba.
Tarin da na saba ji tun ina share gareji ya ɗauke.
Kwana ta farko, ta biyu,
muka wuce tankar mai tana nishi,
yaron motar ya saki baki.
Jingi, da bai yi dariya ba tun rasuwar ƙaninsa,
yana dukan sitiyari yana cewa,
kin tuna? Kin tuna, 'yar gari?

Saura kwana uku mu kai sama
tarin ya dawo.
Giya ta biyu. Giya ta ɗaya.
Tankar ta zo ta wuce mu, yaron ya ɗaga mana hannu.

A tudu na buɗe akwatin.
Ko ɗigo babu. Ko danshi.
Kwano ne kawai, ya fara ɗumi.

Na ce, Maigida, jaka biyar fa ta bi iska.
Ya daɗe yana shafa bonet.
Ya ce, minti goma sha biyu ta yi tana budurwa.
Kai nawa za ka biya?

Ban amsa ba. Shekaruna sha tara a lokacin.
Na sauka na sa dutse a bayan taya.