Hanta da Jini

Shekara ashirin da biyu Baba yana tuƙa bas a Leeds,
daga Harehills zuwa tsakiyar gari, ya juyo,
bai taɓa goge madubin kowa ba.
Yau cokali ya gagare shi.

Likita Oldroyd ta ce ya miƙa hannuwa,
ya ɗaga tafin kamar mai tsayar da mota.
Ya miƙa. Suka kama fiffika,
sai ka ce tantabarar da aka riƙe wa ƙafa.

A gida mukan ce aminai hanta da jini ne.
Ba wanda ya faɗa mini yadda ake ƙarewa in sun ɓata.
Hanta rariya ce, in ji ta, tana zane a bayan takarda.
Tasa ta ƙandare, jini ya samu ɓarauniyar hanya,
ya wuce ba a tace shi ba,
ya hau sama da kayansa, amoniya, da wani ƙarfe, manganis,
ya jibge can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a 'yar tashar
da dofamin ke ba gaɓoɓi izinin tashi.
Niyya tana nan daram.
Ɗan aiken ne yake makara,
ko ya ƙwanƙwasa a ƙi buɗewa.

Na so in ce hantata ta kaɗa.
Na haɗiye maganar.

Zulai ta yi zaton fushi yake da ita,
don ta kawo masa sakamakon jarrabawa bai yi murmushi ba.
Murmushin yana ciki, Zulai,
fuskar ce ba ta karɓi saƙon ba.
Dambun naman da yake ɓoye mana a aljihun jaket,
yanzu kallonsa kawai yake.
Rana ya yi barci, ƙarfe uku na dare ya nemi makullin mota.

Sunansa, Isiyaku, yana layin masu jiran dashe.
Waya ba ta barin hannuna, har banɗaki.

Jiya a barandar asibiti ya tsaya cak,
ƙafafu sun manne da daɓe.
Na rasa dabara, sai na ce: Baba, fasinja sun gama shiga.
Ya dubi dama, inda madubi ya kamata ya kasance.
Ya jira wata motar da ba na gani ta wuce.
Sannan ya ɗaga ƙafa.

Taku goma sha ɗaya muka yi, na ƙirga.