Tafiretar Malam Barnaba

Kwana arba'in da rufe shi a Tafo,
aka taru a makarantar Aboabo
rabon gadon da ba ya shiga buhu.

Fasto ya ce, "Namu ne, da Linjila ya kwana."
Wani dattijo ya gyara hula:
"Karin maganar da ta cika littafinsa fa?
A bakin kakarsa ta Zongo ya tsinta."
Mai digiri ya ce kalangu a coci
cin amanar al'ada ne;
wani ya ce a'a, na addini.
Aka yi ta jan rigar mamaci
har maɓallai suka zube.

Ni tela ne, ban tanka ba.
Bango ɗaya ya raba mu
shekara ashirin da bakwai.
Kekena na kuka, tafiretarsa na amsawa.
In ladan ya kira la'asar
sai ta tsaya cak,
don kada ta shiga tsakanina da Ubangijina.
Lahadi kuwa ni ke ɗaga ƙafa
har su gama waƙar safe.

Wannan bai rubuta shi ko'ina ba.

Da aka watse, matarsa Rifkatu
ta miƙo mini ita a ƙunshe cikin zani.
Babu harafin ƙ a jikinta;
da biro yake lanƙwasa ƙugiya,
ɗaya bayan ɗaya, shafi ɗari uku.

Yau ruwan Kumasi na dukan kwano.
Na ɗiga mata man keke.
Ladan ya kira.
Mu biyu muka yi shiru.