Lasifikar da Nafi'u Ya Sata

Ni ne Tanimu mai gyaran rediyo,
bayan tashar jirgin ƙasa, Sabon Gari.
Shekara talatin ina shaƙar hayaƙin dalma,
kunnena ya san ciwon kowace waya.

Wata Laraba aka jawo mini shi,
wuyan rigarsa a hannun ɗan sintiri,
lasifikata a hammatarsa,
ido jajur kamar garwashin mai tsire,
baki yana warin maganin tari.
Jama'a na cewa a kai shi caji ofis.
Na ce, "Yaro, me za ka yi da mushe?"
Ya ce, "Ba ta mutu ba, Baba. Shaƙewa ta yi."
Na buɗe ta. Gidan zanzaro ne a ciki.
Na ce a sake shi.

Uwarsa na tuyar awara a Muciya.
Uban ya bi tirela Kudu, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.
Tabo daga gira har kunne,
tsarabar wani dare a Tudun Wada
da bai taɓa ba ni labarinsa ba.

Na ba shi benci da sukudireba.
Hannu na kwance rediyo, baki na zuba,
kalma na jan kalma kamar taragon jirgi.
Na ce, "Wannan waƙa ce ko faɗa?"
Ya ce, "Gambarar zamani ce."
Na ce, "Wadda na sani tana da kiɗa."
Ya hau dukan bencina da tafin hannu.

Kada in yi ƙarya: sau biyu yana komawa ruwa.
Na tsince shi ƙarƙashin gadar Kwangila,
takalmi ƙafa ɗaya, bai gane ni ba.
Ban yi wa'azi ba. Koko na saya masa.
Sai da aka binne Lawandi, abokin kwalbarsa,
ya dawo da ƙasar kabari a farce,
ya zauna, ya yini bai ce uffan ba.

Daga nan sunansa ya fara tashi.
Ɗaliban Samaru da Kongo na haddace baitinsa,
masu Keke Napep na ƙure shi har Ƙofar Doka.
Amma yakan dawo fuska a murtuke:
kiɗan da yake saya ta waya
ba ya tafiya da numfashinsa.
"Zanen aro ne, Baba. Katarata a waje take."

Ya sayar da babur, ya sayi kwamfutar gwanjo,
ya manne bango da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa.
Ya shiga gari farautar sauti:
gudumar maƙera, kukan jirgin asuba,
luguden mata a Ƙofar Gayan,
kwaɗin Kubanni bayan ruwan Agusta,
har da tarin janareton maƙwabci.
Ya yanka, ya ɗinka, kamar telan sallah.

Yanzu ba ya hawa dandamali.
Yana zaune bayan gilashi, abin ji a kunne,
yara na zuwa, wasu da irin idonsa na da.
Ba ya tambayar su daga ina.
Sai ya tura musu kwanon shinkafa da wake,
sannan ya ce, "Sake. Ka yi numfashi tukuna.
Shaƙewa ka yi, ba mutuwa ba."
Wasu na tsayawa. Wasu sun tafi da cajarsa.

Jiya ya kawo mini memori.
Na soka a rediyo, na ƙara murya.
Wata yarinya ce daga Wusasa take rerawa,
amma can ƙasa, ƙarƙashin ganga,
na ji ƙas, ƙas, ƙas:
sukudirebata ce a bakin benci,
sai ga tarina na safe, ya faɗa daidai gaɓa.

Na ɗago kai. Yana sosa tabonsa.
"Baba, na sake yi maka sata."
Na ce, "Je ka. Amma tarin ya yi ƙasa da yawa,
ka ɗaga shi kaɗan."